Yadda Za Ka Ga Bayan Ƙudan Mangwaro Cikin Mako Shida, A Takarda

Ɗan'uwa ma'aikaci, matso kusa. Idan an ɗora maka aikin sa ido kan yaƙi da ƙudan nan mai ɓata mangwaro, kana kuma son ka gama rigarka fes, takalminka bai san laka ba, to ka zo inda ya dace. Matakai bakwai ne. Ka bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawari cikin mako shida ƙudan zai ɓace daga Tsafe har Bunguɗu. Ban ce daga kan itatuwa ba. Daga rahoto nake nufi, kuma rahoto ake karantawa a Gusau.

Ba shaci-faɗi nake yi ba, an gwada hanyar. Wanda ya gwada ta shi ne Malam Munzali, jami'in sa ido na wani kwamiti da aka kafa a Gusau, mutum mai tsafta, mai alƙalami uku a aljihun gaba. Inda ya gwada ta kuwa lambun surukinsa ne, Baba Jatau na Rawayya, mahaifin matarsa Safiyatu. Bishiyar mangwaro arba'in da biyu ce a lambun, da amya tara ta ƙudan zuma a rataye cikin rassa. Da lambun nan tsohon ya rayu, da shi ya aurar da 'ya'ya, ba shi da wani abu bayansa. Ka riƙe wannan a ranka, ko da yake ba a buƙatarsa a rahoto.

Mataki na ɗaya: Ka san abokin gaba, amma a hoto

Za a kira ku bita. Ka je da wuri, ka zauna inda fanka ke kaɗawa. Za a gaya muku ƙudan baƙo ne, daga ƙetare ya shigo, ga shi ɗan ƙarami mai ratsin rawaya. Macen kan huda mangwaro ta zuba ƙwai a ciki, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsa ta cinye cikin, mangwaron ya faɗo. Daga nan tsutsar ta shige ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta fito ƙuda, ta koma kan bishiya. Ka gyaɗa kai. Ka rubuta "baƙo" ka ja masa layi biyu, domin duk abin da ya zo daga waje laifinsa ba ya kanka.

A kowace bita akwai mutum ɗaya mai son ɓata wa jama'a lissafi. A tasu Munzali, Malama Nusaiba ce, malamar gona da ta shekara tara tana hawa babur zuwa ƙauyukan Bunguɗu. Ta miƙe ta ce:

"Ranka ya daɗe, babban maganin abin ga a ƙasa yake. Kullum da sahe a tsince wanda ya hwaɗi, a bizne shi cikin rami mai zurhi, ko a ɗaure shi cikin baƙar leda a bar shi a rana. Mutanen Rawayya da Furfuri sun riga sun hwara, na nuna musu."

Munzali ya juyo da murmushi ya ce, "Malama, to wa zai ɗauki hoton rami?"

Aka yi dariya, har Darakta, shugaban kwamitin, ya murmusa. Koyi da wannan. Maganin da ba ya buƙatar rumfa da lasifika da ranar ƙaddamarwa, ba magani ba ne, shawara ce kawai.

Mataki na biyu: Ka rataye tarko inda za a shimfiɗa maka tabarma

Za a ba ka tarkuna. Kada sunan ya tsorata ka, gorar ruwa ce ta roba da aka huda, aka sa mata auduga mai wani ƙamshi da ke jawo mazan ƙudan. Su shiga, su mutu a ciki. Aikinka shi ne duk mako ka zazzage ka ƙirga. In adadi na hawa, annoba na nan. In yana sauka, kuna cin nasara.

Inda za ka rataye su shi ne ilimin. Sabon shiga yakan kai su lungun da sai an tuɓe takalmi an tsallake rafi. Munzali ya kai goma sha biyu lambun surukinsa, inda akwai inuwa, akwai fura, kuma mota na isa har bakin shinge. Ya sa ranar Alhamis ta zama ranar ƙirga.

A nan sai ka lura da kyau. Ba a tsayawa gaban suruki a karanta masa doka. Ba a ce masa "kada ka taɓa", ba a ce masa "kada ka buɗe". Munzali ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, idonsa a kan tabarma:

"Baba, kayan gwamnati ne. A dai kula da su."

"In sha Allahu, Malam," in ji tsohon. "Ba abin da za ya same su."

Alhamis ta farko Munzali ya zazzage gora ɗaya a kan takarda, ƙudaje suka zubo tuli guda, matattu, suna wari. Ya toshe hanci da hannun riga, yana ture su da tsinke. Ya kai ɗari uku ya gaji, ya rubuta "da yawa". Baba Jatau na tsaye daga gefe yana kallo, kunya kamar ta kashe shi. Mijin 'yarsa, mutumin ofis, ya taso tun daga Gusau, an bar shi yana tonon ƙazanta a lambunsa. Tsohon ya ƙudura a ransa hakan ba za ta sake faruwa ba.

Mataki na uku: Ka sa a yi feshi lokacin da hoto ya fi kyau

Masu feshi za su zo ƙarƙashin wani irin Kamilu. Kowace tawaga tana da nata Kamilun: ƙato, mai fara'a, mai auna magani da ido. In takardar jikin kwalba ta ce murfi ɗaya, shi biyu yake zubawa, wai don ƙudan ya san an zo.

Malama Nusaiba za ta ce a gauraya maganin da abin da ke jawo ƙudan, a ɗan fesa a gefe ɗaya na bishiya, da yamma lis, bayan ƙudan zuma ya koma gida. Ka ce mata za a duba. Da yamma lis hoto ba ya fita. Da hantsi ake feshi, rana ta haska fararen riguna, a wanke bishiya tun daga sama har ƙasa yadda hazon maganin zai fito a waya.

Ran da aka zo Rawayya, Baba Jatau ya bi Kamilu a baya yana nuna sama da sandarsa.

"Yaro, akwai amya bisa wanga icce. Da wancan. Ko a bari in rufe su tukuna?"

"Haba Baba," in ji Kamilu yana ɗaura tankin a baya. "Wanga magani ƙudan mangwaro kaɗai ya sani. Na zuma ko gaisawa ba su yi."

Tsohon ya dubi surukinsa, don shi ne mai ilimin. Munzali ya dubi wayarsa. Ya san ba gaskiya ba ne, an faɗa musu a bita, har ya rubuta. Amma ga mai ɗaukar hoto ya riga ya daidaita, ga rana na yi, ga Darakta na jiran hotuna kafin azahar.

A fom ɗinka akwai wani gurbi da aka rubuta "illar da aka gani bayan feshi". Ga yadda ake cike shi. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa. Da an fesa bishiyar ƙarshe ka shiga mota. Kana isa kwalta ka rubuta "babu". Ba ƙarya ka yi ba, abin da ka gani aka tambaye ka, kai kuwa ba ka tsaya ka gani ba.

Mataki na huɗu: Ka duba Tsafe daga bakin titi

Tsafe ma tana cikin yankinka, amma ba ka da suruki a can. Kada ka damu. Ka tsaya inda motocin Funtuwa ke tsayawa, ka sauke gilashi, ka kira mai tallar mangwaro.

"Ina fatan babu tsutsa?"

"Tsutsa? Wallahi Alhaji ko ɗaya. Zuma ne."

Ka ji da kunnenka daga bakin wanda abin ya shafa. Ka rubuta "an tuntuɓi masu ruwa da tsaki". In an tambaye ka me ya hana ka shiga lambunan ciki, ka rage murya ka ce hanya ba lafiya. Ba mai musa maka, don gaskiya ce. Manoman da ke bin hanyar nan kullum da kwando a bayan babur, su ba a ba su fom ba.

Mataki na biyar: In sifili ya zo maka, kada ka tambaye shi daga ina

Alhamis ta biyu Munzali ya isa Rawayya, ya sauko da gorar farko. Wayam. Ta biyu, wayam. Duk goma sha biyun babu ƙuda ko na rantsuwa. Murna ta kama shi. Tun bai bar lambun ba ya buga wa Darakta waya, Darakta ya ce, "Munzali, ashe kai ne mutumin."

Sai da zai mayar da ta ƙarshe ya lura gorar na sheƙi. Akwai ɗigon ruwa a gindinta. Ya kai hanci, ya ji ƙamshin sabulu. Audugar na nan daram, an mayar da ita yadda take. Ƙarƙashin bishiya kuma an share, har ana ganin sawun tsintsiya.

Mai ƙaramin ilimi a nan zai yi tambaya. Munzali bai yi ba, amma amsar ta same shi har gida. Da la'asar Safiyatu na zuba masa ruwa ta ce:

"Na yi waya da Inna. Wai Baba tun asubar Alhamis shike sauko da gorunan nan naku, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, don kada ka zo ka iske ƙazanta. Ka ga yadda shike ji da kai?"

Munzali ya ajiye kofin. Ya ji kunya, ya ji tsoro, ya kuma ji tausayin tsohon, duk a lokaci guda. Magana ɗaya ce za ta gyara komai: ki ce wa Baba ya bar su yadda suke. Ko durƙusawa ba sai ya yi ba, ga 'yar aike a gabansa. Amma sifilin ya riga ya tafi, Darakta ya riga ya kai shi sama, an riga an ce shi ne mutumin.

"Allah ya saka masa da alheri," in ji Munzali, ya ɗauki kofin ya shanye.

Wannan shi ne zuciyar karatunmu. Mako na uku sifili, na huɗu sifili. Ka zana su a allo, layi ya gangaro daga sama ya kwanta. Malama Nusaiba za ta yi ta kiranka tana cewa tarkunanta na Furfuri cike suke maƙil, yaya za a yi Rawayya da ke kusa ta zama babu? Ka ce mata ba ka ji sosai, layi na yankewa.

Mataki na shida: Ka hutar da tsoho

A mako na huɗu aka yi ruwan farko. Babban mangwaron nan mai zuwa a ƙarshe, wanda manyan motoci ke zuwa ɗauka, ya fara nuna. Shi ne abin da Baba Jatau ke jira duk shekara.

Tun da Malama Nusaiba ta nuna masa, tsohon bai fasa tsintar wanda ya faɗi yana binnewa ba. Kullum da safe yana duƙe da kwando, ga rami yana haƙa da kansa. Ran nan bayan an gaisa, ya dafa ƙugu ya ce:

"Malam, ina da tambaya. Wanga tsinta da mukai, har yau dole ce? Bayan nan nau ya hwara ba ni wahala. Na ce bari in tambayi masu abin."

Ka ga inda ake gane gwani. In Munzali ya ce a ci gaba, ya ƙaryata rahotonsa da bakinsa, kuma maganar za ta zaga Rawayya kafin magariba. Ya dubi tabarma.

"Baba, ƙuda ya ƙare. Takarda ta nuna. Ku huta."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon, fuskarsa ta washe. "Allah shi yi maka albarka. Ilimi dai ya yi."

Ya jingine fartanya. Maƙwabta suka ga Jatau ya daina, shi da surukinsa ke cikin kwamiti, su ma suka daina. Mangwaro ya riƙa faɗowa yana kwana a ƙasa mai laima, tsutsa na fita tana shigewa abinta ba mai tsangwama.

Za a cika maka kwando tsaraba. Ka karɓa da hannu biyu. Al'ada ta taimake ka a nan, tunda ba a cin abinci gaban suruki, ba wanda zai sa ka yanka ko ɗaya a wurin. In ka isa gida ka zaɓi masu tauri ka kai ofis, sauran ka san yadda ka yi da su kafin matarka ta gani.

Mataki na bakwai: Ka yi bikin nasara, nesa da bishiya

Darakta zai so a yi taron a lambun da aka ci nasara. Ka hana. Zuwa mako na shida lambun Baba Jatau tun daga shinge ake jin tsaminsa, direban babbar mota ya zo ya yanka mangwaro biyar, ya ga abin da ke motsi a ciki, ya juya ko ruwa bai sha ba. Ka ce damina ta ɓata hanya. A yi a Gusau, a zaure mai labule.

Kuskure ɗaya Munzali ya yi, shi nake so ka guje wa. Ya bari aka gayyato tsohon a matsayin manomin da ya fi kowa ba da haɗin kai, aka kuma miƙa masa abin magana.

Baba Jatau ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, da bokitin fenti mai murfi a hannu ɗaya, da ƙullin tsumma a ɗayan. Ya yi sallama, ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ya gode wa gwamnati. Sannan ya ɗora bokitin a kan teburin Darakta, kusa da furen roba.

"Ranka ya daɗe, ga ajiyarku. Malam ya ce min kayan gwamnati ne, a kula da su. To ni kullum Alhamis in na wanke gorunan, ba ni zubar da abin da ac ciki. Na ce kila a biɗe su wata rana. Ban ƙirga ba, idona bai kai, amma na auna. Tiya biyu da rabi."

Ya buɗe murfin. Waɗanda ke layin gaba suka ja baya da kujerunsu. A bango, bayan kan Darakta, ga allon Munzali da layinsa kwance a kan sifili. Malama Nusaiba ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, ba a san ko dariya take yi ko kuka ba.

Tsohon bai gama ba. Ya kwance ƙullin tsumman a hankali, ya shimfiɗa. Ƙudan zuma ne, busassu, sun nannaɗe.

"Waɗanga ba na gwamnati ba ne, nau ne. Washegarin feshi na iske su ƙasa, amya tara duka. Na ga Malam na rubuta komi cikin takarda, shi ne na ce in kawo, ban sani ba ko su ma akwai layinsu." Ya juyo wajen surukinsa, da ladabi, ba tare da ya dube shi a ido ba. "Sai dai abu guda ya ɗaure min kai, Malam. Tunda ƙudan ya ƙare, mi ke cin mangwaron?"

Ba da gatse ya yi tambayar ba. Da gaske yake son ya sani, kuma har a lokacin bai kawo a ransa cewa mijin 'yarsa zai gaya masa abin da ba haka ba. Munzali ya so ƙasa ta tsage. Alƙalumansa uku na aljihu, babu wanda ya taimake shi.

Amma kada ka karaya, ɗan'uwa, don ga inda alkawarina ya cika. Darakta ya yi gyaran murya, ya yaba wa tsohon bisa riƙon amana, ya sa aka fitar da bokitin. An riga an buga takardar yabo, da sunan Munzali da ruwan zinare, ba a mayar da ita. Aka miƙa masa, aka ɗauki hoto, aka tafa. Baba Jatau ma ya tafa, ya fi kowa daɗewa yana tafawa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan. Ba ruwansa da tsutsa, ko rina, ko zazzaɓin masu feshi, ko wata malamar gona da za ta koma ƙauye washegari ta sake bin gida gida tana roƙon a ɗauko fartanya. Ba ruwansa da shayinka in ya rasa zuma, ko da matarka in ta riƙa ajiye maka abinci ba ta ce komai ba, ta kuma juya takardar yabon ta fuskanci bango.

Haka nan in sallah ta zo, dole ta kai ka gaisuwa Rawayya, ka tarar tsohon ya share ƙarƙashin bishiya ya shimfiɗa maka tabarma kamar kullum, a sama amya tara shiru, ya tambayi aiki, ya tambayi Darakta, sannan da za ka tafi ya raka ka har mota hannunsa wayam yana cewa, "Ka yi haƙuri, Malam, bana ba mu da abin ba ka," to wannan tsakaninka da shi ne. Mu a takarda muka yi alkawari.